Babu Ɗan Riƙo a Gidan Nan

Sau ɗaya a shekara ake tunawa da mu. Da zarar an yi ruwan farko, ciyawa ta fara leƙowa daga tsakanin duwatsu, sai wata mata ta ofishin kula da walwalar jama'a ta ɗauki jakarta da laimarta ta shiga bin gidajen da aka ba wa yara riƙo, tana sanar da ranar da za a kai mu shan iska. Madam muke ce mata, duk unguwa haka ake kiranta. 'Yar asalin kan tudun nan ce, doguwa mai tabarau, takalminta irin na maza, Hausarta kuwa ta cikin garin Jos ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ina tsaye gabanta da ɗankwalina da 'yan kunnena, amma "kai yaro" take ce mini.

A kowane gida abu ɗaya take yi. Ta tsaya a ƙofa ta yi sallama, ta buɗe wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ta tambaya, "Akwai yaron riƙo a gidan nan?" In an ce akwai, sai ta dubi kan yaron da faratansa, ta yi alama a gaban sunansa, ta faɗi rana da inda mota za ta tsaya. Haka aka koya mata aikin, haka kuma take yinsa, ko da ita da kanta ta kawo yaron gidan.

A gidanmu na unguwar Rikkos wannan tambaya ba ta taɓa shan wahalar samun amsa ba. Kafin Madam ta rufe baki Inna ta ɗaga murya daga madafa, "Akwai mana! Ke 'yar riƙo, fito ga gwamnatinku ta zo." Inna ita ce matar da ta riƙe ni. Ba muguwa ba ce, zan faɗi wannan ko a gaban wa. Abin da 'ya'yanta biyar suka ci shi na ci, in za a yi duka kuma layi ɗaya ake jera mu. Bakinta ne dai ba shi da murfi. Baƙuwa ta zo ta ce, "Wannan ma taki ce?" sai Inna ta ce, "A'a, riƙo ce, uwarta ta rasu." Nakan ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsani kalmar nan tsana mai tsanani, ban san ita ce take sa ni a mota ba.

Mahaifinmu lebura ne a wajen haƙar kuza. Daga nesa ya zo da mahaifiyarmu, ba su da kowa a Jos sai maƙwabta. Tari ya kama shi ya tafi da shi, ba a shekara biyu ba ita ma ta bi bayansa, zazzaɓin kwana shida kawai. Ina da shekara tara, ƙanena bai daɗe da yaye ba. An nemi danginmu an rasa inda za a aika. Mai unguwa da Madam suka zauna a zaure, ina leƙen su ta tsagar ƙyaure, aka yi ta tambayar wanda zai ɗauki yara biyu, ba a samu ba. Wani tela, wanda daga baya ya zama Baba a wurina, ya ce zai ɗauki macen don ta taya matarsa aiki. Namijin kuma wani direba da ke aiki a makarantar horas da ma'aikata ta Kuru ya ɗauka, shi da matarsa sun yi shekara goma ba haihuwa. Ranar da aka tafi da shi barci yake yi a kafaɗar matar, ban ma samu ya dube ni ba.

Yau in na ce Kuru dariya ce take kama ni, don nan da can ne, mutum ya je ya dawo kafin tuwo ya huce. Amma a wurin yarinya 'yar shekara tara mai wanke-wanke da rainon 'yan Inna, Kuru da Makka duk ɗaya. In na ce a kai ni, Inna ta ce sai an samu sarari. Sararin nan har na bar gidan ban ga ƙeyarsa ba. Saboda haka ranar shan iskar nan ita kaɗai nake da ita, don motoci biyu ake fitarwa: ɗaya ta kwashi yaran cikin gari, ɗaya ta kwaso na wajen Bukuru da Kuru, a haɗe mu wuri ɗaya daga hantsi zuwa la'asar. Sauran yara burodi da lemon kwalba suke ɗoki. Ni motar Kuru nake jira.

Shekarar farko gidan namun daji aka kai mu. An maƙala wa kowa takarda a ƙirji da sunansa da unguwarsa, kamar kayan da za a aika a jirgin ƙasa. Matar direban ta zo da ƙanena goye. Da na gan su sai na tsaya daga nesa, ita ce ta gane ni ta yafito ni. Ta kwance shi ta ɗora mini a baya, ta ba ni zaninta na goyo, ta ce, "Riƙe shi, 'yata, yau naki ne." Wuni na yi da shi a bayana. Bai san ni ba, amma bai yi ƙyuya ba, yana ta jan kitsona yana nuna birai. An ce akwai zaki a wurin, an ce akwai kada. Wallahi ban ga ko ɗaya ba, duminsa a bayana kawai nake ji. Da za a tafi ta karɓe shi ta shafa kaina, na yi ta kuka a mota har wani yaro ya ce in ban yi shiru ba zai cinye burodina, ya kuwa cinye.

Shekara ta biyu Naraguta aka kai mu, bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ruwan kore ne shar, ko motsi ba ya yi, an kewaye gefe ɗaya da itatuwan turare dogaye. Tun a mota Madam take ja mana kunne, "Duk yaro da ya je bakin ruwa, zan mayar da shi gida, ba cin rais, ba komai. Wannan ruwa ba ya da ƙasa." A wannan shekarar aka ce yaran da suka kai shekara huɗu su zo su kaɗai, don mota ba ta ɗaukar iyayen riƙo. Sai ga ƙanena an sauko da shi daga bayan motar Kuru, sanye da rigar sanyi ja da safa fara, an shafe shi da mai har yana ƙyalli. Na ruga na kama hannunsa na ce, "Ni ce Yayarka." Ya ce to. Yaro ne mai saurin yarda, duk abin da ka ce masa sai ya ce to.

Da farko rana ta yi daɗi. An yi tseren buhu, an yi tseren ƙwai a cokali, an yi jan igiya tsakanin 'yan gari da 'yan Bukuru har muka zube a ciyawa. Ni ban shiga komai ba, ina zaune da shi a kan wani faffaɗan dutse ina ɓare masa dafaffen dankali, yana ba ni labarin akuyarsu da motar babansa. Kowace magana ya ɗauko sai ya sa Mama a ciki. Mama ta ce kar ya cire safa. Mama ta saya masa tsintsiya ƙarama. Mama tana soya masa ƙwai. Ina jinsa ina kawar da kai. Kishi ne, ba zan ɓoye ba. Ni ina tuna fuskar mahaifiyarmu da muryarta da yadda take tauna masa gyaɗa ta sa masa a baki, shi kuwa ya ɗauki sunanta kacokan ya ba wata.

Wajen azahar matan manya suka iso cikin motocinsu. Kullum haka suke yi, sai an kusa cin abinci su zo, da manyan ɗaurin kai da mai ɗaukar hoto a bayansu. Aka jera mu, ƙanana a gaba. Babbarsu ta tsaya ta yi jawabi rabi Turanci rabi Hausa, tana dafa ƙirji. Abin da na riƙe shi ne inda ta ce, "Ku marayu ne, amma kar ku ji ku kaɗai ne, mu ne iyayenku." Aka ce mu tafa, muka tafa. Aka bi mu da biskit biyu-biyu, aka ɗauki hoto, suka shiga motocinsu suka tafi. Iyayen namu ke nan, ko shinkafar ba su tsaya sun ga an zuba mana ba.

Muna komawa kan dutsenmu ya ɗago kai ya ce, "Yaya, mene ne maraya?"

Na ce, "Wanda uwarsa da ubansa suka mutu."

Ya ce, "To ni ba shi ba ne. Ni ina da Mama."

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Shekarata goma sha ɗaya, na isa in yi shiru. Amma ni tun ina ƙarama in zuciyata ta taso ba na ganin gabana, har yau kuma ban rabu da halin ba. Na kama kafaɗunsa na juyo da shi na ce, "Waccan ba ita ta haife ka ba. Mamanmu ɗaya ni da kai, kuma ta mutu. Da idona na ga an fita da ita a makara. Kai ɗan riƙo ne, kamar ni, kamar kowa a nan."

Bai yi kuka ba. Ya dube ni, ya dubi biskit ɗin hannunsa, ya ajiye shi a kan dutse. Can ya ce yana so ya je gida. Na ce sai la'asar. Aka kawo dafa-duka a manyan farantai ya ƙi ci, na lallashe shi na lallashe shi ya kawar da kai. Ya zauna ya haɗa gwiwoyinsa yana kallon inda motar Kuru take tsaye, haka har aka ce a hau. Da aka ɗaga shi aka sa a mota ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa a hanyar gida har wani sanyi nake ji a raina, wai na gaya masa gaskiya, yanzu ya san ni wace ce a wurinsa.

Shekara ta uku tun kafin ruwa ya sauka na fara shiri. Na riƙa tsintar ƙyallayen da suke zubowa a ƙarƙashin keken ɗinkin Baba, na haɗa su, Baba ya yanka mini 'yar riga da ka, don ba mu san girman yaron ba, ya bar ni na yi mata kalmasa da hannu. Madam ta zo da littafinta ta yi tambayarta, Inna ta ba ta amsarta. Aka ce wannan karon ma Naraguta ne.

Ranar garin ya tashi da hadari. Muna isa aka fara yayyafi mai sanyi, irin na Jos da yake shiga har cikin ƙashi. Aka tara mu ƙarƙashin wata rumfar kwano da masu gona suke ajiye taki. Ni ban shiga ba, na tsaya a bakin hanya, rigar tana cikin zanina don kar ta jiƙe. Motar Kuru ta makara sosai. Da ta iso na tsaya daidai inda ake sauke yara, ina duban kowace fuska. Aka sauke ƙanana, aka sauke manya, yaron mota ya tayar da murfin baya ya sa sakata. Na zagaya na leƙa gaba wurin direba, na sunkuya na leƙa ta tsakanin katakai. Benci ne kawai da wani takalmi ƙafa ɗaya.

Na samu Madam tana rabon kofuna. Na ce, "Madam, ina ƙanena?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. Ta ja ni gefe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kai yaro, ka yi haƙuri. Na je Kuru. Na tambaya matan, akwai yaron riƙo a gidan nan? Ya ce babu. Na sake tambaya, ya ce babu. Sau uku fa. Ya ce yaro ɗaya ne a gidan, kuma nashi ne."

Na ce, "Amma ai ke kika kai shi gidan! Kin san shi!"

"Na san shi mana. Yana wurin ma yana wasa a ƙofa. Amma oga na ya ce abin da mai gida ya gaya maka, shi za ka rubuta. In sun ce babu, babu ke nan. Na ja layi a sunan."

"To baɗi fa?"

Ta mayar da tabarau. "Wanda an ja layi, ba na zuwa gidan kuma."

Ban san yadda sauran wunin ya wuce ba. Ruwa ya hana tsere, matan manya ba su zo ba, suka aiko da biskit a kwali. Aka sa mu waƙa a cikin rumfar, ga warin taki ga ƙarar ruwa a kan kwano, ba mai jin muryar wani. Na zauna a kan buhu na ƙi buɗe baki. Rigar kuwa da muka koma gida Inna ta gan ta, ta ce ba a barin sabon ɗinki a ajiye, ta sa wa autanta, ta yi masa cif.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda labarin ya karɓu a unguwa. Na zaci in na faɗa za a ce an zalunce ni. Ina! Inna ta ajiye muciya ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, wannan mata ta cika 'yar halak. Haka ake riƙo. Uwar riƙo ta gari ai ba ta furta kalmar nan ko a gaban alƙali. Ni ce dai Allah ya yi ni da sakin baki." Maƙwabta suka shigo, kowa da abin da zai ƙara. Wata ta ce ita sai ranar aurenta ta san wadda ta raine ta ba ita ta haife ta ba. Wata ta ce yaron ya yi dace, Allah ya ba kowane maraya irin wannan uwa. Aka yi ta sa mata albarka a tsakar gidanmu, ina durƙushe ina wanke tukwane. Ba wanda ya juyo ya ce, to ita wannan fa, da ba ta da kowa sai shi?

Na daina magana sai dole. Abinci in ci loma biyu in ture. Inna ta ce iskanci ne, yunwa za ta gyara ni. Baba ne ya lura. Shi mutum ne marar magana, kullum da allura a bakinsa, har nakan ce don kar a tambaye shi wani abu yake sa ta. Wata Lahadi da safe, bayan kamar mako uku, ya rufe shago ya ce in wanke ƙafata in sa kayan Sallah. Inna ta ce ina zuwa, ya ce, "Kuru." Sai ta ƙulla mana ƙuli-ƙuli da daddawa mu kai tsaraba.

Muka shiga ƙaramar motar haya zuwa Bukuru, muka sake wata. Ina ta kallon tulin jar ƙasa da ramukan kuza da gidaje masu shingen ƙerana, ina shirya abin da zan gaya wa matar nan. Na tanadi maganganu masu zafi, har da waɗanda yarinya ba ta isa ta gaya wa babba ba.

Gidansu na cikin jerin gidajen ma'aikata ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, an share shi tas, ga kabeji da masara a bayan ɗaki. Mijin ya fita da mota, yaron kuma yana maƙwabta wurin wasa. Matar tana ganinmu ta gane mu. Na ga fuskarta ta canza, amma ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo shayi mai zafi, ta gaisa da Baba cikin ladabi. Ta dube ni ta ce, "'Yata, kin girma, amma kin rame." Duk maganganun da na ɗauko tun daga Rikkos suka bi iska.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Yarinyar ce ta damu. Ba ta ga ɗan'uwanta ba bana."

Da ta fara magana ni take kallo, ba Baba ba.

"Ranar da ya dawo daga Naraguta bara, yana sauka daga mota ya ruƙunƙume ni ya ce, Mama, wai kin mutu? Na ce ga ni kana gani. Ya ce an ce mamansa ta mutu an fita da ita a makara. Wata biyu yaron nan bai saki zanina ba. In na shiga banɗaki yana tsaye a ƙofa yana kirana. In na kwanta da rana don ciwon kai sai ya zo ya buɗe mini ido da yatsa. Ya daina ci, ya koma fitsarin kwance. Har asibiti muka je, suka ce ba su ga komai ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma.

"Ban ce kin yi laifi ba," in ji ta. "Gaskiya kika faɗa, kuma uwarki ce, dole ki so a san da ita. Ni ban haife shi ba, na sani, Allah ma ya sani. Amma bakina ba zai faɗa ba, ko ga matar ofis ko ga wa. Na ce masa yarinyar nan wasa take yi maka, da haka na samu ya dawo daidai."

Sannan ta gaya wa Baba cewa an yi wa mijinta canjin wurin aiki, bayan Sallah za su tashi zuwa wani gari can gabas mai nisa. Haka kuwa aka yi, kuma daga wannan rana ban sake sa ƙanena a idona ba. Na neme shi da na girma, na je har inda aka ce sun koma, aka ce sun daɗe da barin wurin.

Ta matso ta kama hannuna da hannayenta biyu, babbar mace da ita, ta ce, "Ban hana ki ganinsa ba, yanzu zan kira shi. Abu ɗaya nake roƙonki, don Allah, don darajar mahaifiyarki. Kar ki mayar mini da shi inda ya fito."

Na dubi Baba ko zai ce wani abu. Ya cire hularsa yana duba ɗinkinta kamar yau ya fara ganinta. Na gane ba mai fitar da ni, ni kaɗai ce.

Ta leƙa ta katanga ta kira shi. Ya shigo yana jan wata motar gwangwani da zare, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya yi tsawo, ya yi ɓul-ɓul, haƙoransa na gaba biyu sun faɗi. Goshin mahaifiyarmu ne sak a fuskarsa, har da ɗan gashin da yake kwantowa ta gefe. Na ji kamar in fizgo shi in ruga da gudu.

Ta ce, "Gaishe da baƙi mana."

Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya juyo ya gaishe ni. Sai ya tsaya yana kallona, ya ja da baya a hankali har ya jingina da ita, ya kama gefen zaninta.

"Na san ki," ya ce. "Ke ce ta wajen ruwa."

Na ce, "Ni ce."

"Mama ta ce wasa kike yi mini." Ya ɗaga kai ya dube ta, ya sake dubana. Muryarsa ta yi ƙasa. "Wai da gaske wasa ne?"

Ina ganin yatsunsa yadda suka damƙe zanin, ina ganin ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ita ba ta dube ni ba, ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Na tuna mahaifiyata, na ce a raina ki yafe mini. A duk rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokaci ba, ko ranar da aka fita da ita.

Na ce, "Wasa ne. Tsokanarka kawai nake yi."

Ya saki zanin. Ya yi dariya da giɓinsa, ya ce, "Ai dama na sani."

Ya ja motarsa ya fita. Muna zaune muna jinsa a bayan katanga yana yi mata ƙarar inji da baki, yana kiran abokansa su zo su hau.